Labulen Magatakarda

Allah ya yi wa unguwar nan gata da ya ajiye mata Na-Bayan-Labule. A wasu unguwannin sai mutane sun kasa kunne a rediyo ko sun ƙura wa waya ido kafin su san halin da jami'a ke ciki. A nan kuwa, mutum ya tako shagon labule da kafet da ke jikin na mai aski, ya gaida mai shagon da ladabi, sai ilimi ya zubo masa kyauta, har da wanda bai tambaya ba.

Ba a banza ya kai wannan matsayi ba. Shekarun baya shi ya ɗinka labulen ofishin magatakardan jami'a, ya hau tsani da ƙafarsa ya kafa ƙarfen, ya rataya. Yinin da ya yi a kan tsanin nan shi ne digirinsa. Tun daga ranar, in ya ce "mu", jami'a yake nufi. Mu bana mun tsaurara. Mu ba ma son surutu. Magatakardan kuwa, wanda ya ce masa "sannu da aiki" yana wucewa, ya zama "mutumina".

Labulen kore ne mai kauri, a tagar bene na sama, ana hango shi daga bakin titi. A kansa Na-Bayan-Labule ya gina iliminsa kaf.

"Ku ba ku san aikin manya ba," in ji shi, yana kaɗa awon tela kamar sandar mulki. "Muddin labulen nan na rufe, kwamiti na zaune, ana tace sunaye. Ranar da aka yaye shi, ranar sakamako ya fito. Ni na auna tagar nan da hannuna. Ko tari ta yi sai na ji."

Kowace safiya sai ya hau babur ya je ya tsaya tsallaken titi, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ɗaga kai. Sannan ya dawo ya sanar wa masu jiran aski da murya ƙasa-ƙasa: "Suna zaune." Mai aski ya taɓa tambayarsa ya aka yi kwamitin nan ke zaune har ranar hutu. Ya dube shi da tausayi ya ce haka suke aiki, su ba 'yan aski ba ne.

Bana abin ya shigo gidansa. Autarsa ta nemi gurbin karatun harhaɗa magunguna. Bara ma ta nema ba ta samu ba, ta shekara a shago tana linke guntayen yadi, ƙawayenta na dawowa hutu da sababbin kalmomi a baki. In bana ta wuce ta, jarabawarta ta tashi aiki, sai ta sake zama daga farko. Ga kuma ƙa'idar jami'ar, wadda kowane yaro ya haddace: wanda aka ɗauka sai ya shiga shafinsa na intanet ya danna cewa ya karɓa kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba a miƙa gurbinsa ga na bayansa.

Sai dai shafin Auta ba a hannun Auta yake ba. Uban ne ya zauna gaban kwamfuta ranar cike takarda, ya sa kowa ya juya baya, ya zaɓi lambar sirri, ya kulle ta a cikin kansa mai albarka.

"Leƙa shafi aikin marasa kowa ne," ya ce wa matarsa. "'Yata ba za ta bi layi da 'ya'yan mutane a cikin waya ba. Labarinta daga sama zai sauko, ta bakina."

Aka yi ta jira. Yara suka rame, iyaye suka koyi kalmar "shafi" ƙarfi da yaji. Rannan da hantsi sai ihu ya tashi a shagon aski: ɗan mai aski ya samu. Kafin azahar 'yar makanike ma ta samu, uban ya rungume wani mai mota da baƙin mai a hannu. Na-Bayan-Labule ya miƙe. Ya hau babur, ya je, ya dawo fuskarsa a sake.

"Labule na rufe," ya ce. "Abin da kuka gani gwajin na'ura ne. Mukan yi haka mu ga ko tana aiki. Ina ba ku shawara kada ku sayi katifa tukuna."

Da yamma Auta ta durƙusa gabansa, idonta ya kaɗa.

"Baba, don Allah ka ba ni lambar. Dubawa kawai zan yi. In babu, babu."

"In kin duba kin nuna ba ki yarda da ni ba. In mutumina ya ji 'yata na leƙe-leƙe kamar kowa, da wane ido zan dube shi?"

Uwar ta kalle shi kallon da ta daɗe tana ajiya, ta kama hannun 'yarta suka shige ɗaki, ta turo ƙofa. Daga ranar Auta ba ta sake roƙo ba. Shi kuwa ya riƙa ba da misali da shirunta a shago, a matsayin shaidar tarbiyya.

Kwanaki suka tafi, labule bai motsa ba. Ɗan mai aski ya sayi katifar, har da bokiti da kwaɗon ƙofa, ya wuce da su ta gaban shagon labule a hankali, kamar mai tallarsu. Wannan ne ya ƙure haƙurin babban mutum. Ya ce gobe mai aski da makanike su shirya, zai kai su har gaban mutuminsa su ji da kunnensu.

Ya sa kwat ɗin da ya yi masa kaɗan tun bara waccan, ya yi wanka da turare. Ya shige gaba, su biyun na biye, suna taɓa juna da gwiwar hannu. A matakala yana haki yana nuna musu tarihi: nan ya ajiye tsani, nan ya sha ruwa. Da suka kai ƙofar ya gyara wuyan riga ya ƙwanƙwasa irin na 'yan gida. Shiru. Ya tura.

Kwamitin na nan zaune kuwa. Karyayyun kujeru ne a kan juna har rufi, da matattun fankoki, da wani allo mai ƙafa ɗaya da ya jingina da bango kamar shugaban taro. Can ƙarshe ga koren labule, gizo-gizo ya yi masa ado. Wata malama da ke wucewa ta ce ai ofishin ya daɗe da komawa sabon gini.

"Na sani," in ji Na-Bayan-Labule. "Asali nake nuna musu."

A sabon ginin tagogi duk gilashi ne, ko ƙyalle babu. Sakatariyar magatakarda, wata dattijuwa, ta ɗago kai ta dube shi, sai ta miƙe tsaye.

"Kai ne mai labule!"

Ya waiwaya ya dubi mai aski, ya dubi makanike. Ƙirjinsa ya kusa tsinke maɓallin kwat.

"Mun neme ka har mun gaji," ta ce. "Ƙarfen da ka kafa ya cije tun makon farko. Ba a taɓa iya yaye labulen nan ba. Da rana tsaka da fitila muka riƙa aiki har muka tashi."

Makanike ya shiga nazarin takalminsa. Na-Bayan-Labule ya tambaya da wata 'yar siririyar murya da ba a san shi da ita ba, yaushe sakamako zai fito.

"Ya fito tuni. Jiya ma aka rufe karɓa. Wanda bai danna ba, gurbinsa ya tafi."

A nan dariya ta ɗauke wa kowa, har mai aski. A zuciyarsa Na-Bayan-Labule ya ga Auta durƙushe, ya ga wata shekarar ta linke yadi, kuma ya san hannun wa ya jawo. Tsoro na gaske ya kama shi. Ya kira gida, ya fara karanto lambar tun kafin a amsa sallama.

"Riƙe abarka, Baban Auta," in ji matar, muryarta har teburin sakatariya. "Ta samu, mun danna tun ranar da ka hana. Sau ɗaya muka gwada. Na ce ta rubuta 'mutumin magatakarda', sai ga shi ya buɗe."

Babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Ya share gumi, ya mayar da waya aljihu, ya juyo ga shaidunsa.

"Kun ji ko? Ta samu. Dama na gaya muku in muka sa hannu a abu..."

"Tunda Allah ya kawo ka," sakatariya ta katse shi, "za a mai da ɗakin can aji. Akwai tsani a bayan ƙofa."

Haka aka yi. Kwat a rataye jikin karyayyar kujera, Na-Bayan-Labule a saman tsani, yana ɗiga wa ƙarfensa man da ya ara wurin makanike. Ya ja, ya ƙi. Ya sake ja da dukan ƙarfinsa. Ƙarfen ya yi ƙara, ƙura ta turnuƙe, koren labule ya yaye karo na farko a rayuwarsa, rana ta haske shi daga shi sai singileti.

Can ƙasa a tsakar fili, mai aski ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara:

"Jama'a, a sayi katifa! Sakamako ya fito!"