Firenze ɗin da na sani

Wahala dai na sha ta a Italiya, shekara uku cur a garin Firenze, amma ba zan manta da wadda bakina ya jawo mini a nan Greensboro ba.

Aikina a can sayar da tabarau da lema ga masu yawon buɗe ido. Zane ake shimfiɗawa a ƙasa, da igiya a kusurwa huɗu. In 'yan sanda suka ɓullo, ka fizgi igiya, kaya su dunƙule, ka arce. Da na zo Amurka na shiga ɗaukar kwali a wani sito kan titin Wendover, duk wanda ya tambaye ni sai in ce harkar yawon buɗe ido na yi a Turai. (To ƙarya na yi? Su waye ke sayen tabaran?) Har aka sa mini suna Ɗan Italiya, nake amsawa da ƙarfi.

Ranar nan ana walimar auren Hadiza, 'yar Alhaji Mamane, a gidansa na McLeansville. Maza na zaune a tsakar gida ana cin shinkafa, sai Alhaji ya yafito ni.

"Ɗan Italiya, yaran nan za su Firenze kwana biyu. Tsara musu yadda za su yi."

Hadiza ta zo da biro da takardun da ta buga daga intanet (lokacin waya ba ta nuna wa mutum hanya), angonta Bashir na bayanta. Na gyara babbar riga, na yi gyaran murya.

Na fara lafiya lau. Na ce ranar farko su yi sammako zuwa tsohuwar gadar da ake sayar da zinariya a kanta, kafin Japanawa su cika ta. Kada su sayi ruwa, akwai famfo a lungu. Mutane na gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni.

"Daga nan sai babban cocin mai jar ƙubba. Ku tsaya ta hagu, don 'yan sanda ba sa biyowa nan sai ƙarfe sha ɗaya. In kun gan su, kada ku bi babban titi, ku yanki lungun mai gasa burodi, yana fita kasuwar fata."

Biron Hadiza ya tsaya.

Bashir ya ce, "Baba, me zai haɗa mu da 'yan sanda?"

Sani Dogo, wanda muke sito ɗaya, ya ajiye cokali. "Ɗan Italiya, wai yawon buɗe ido ka yi, ko gudun buɗe ƙafa?"

Aka tuntsire. Hadiza, yarinyar kirki, ta so ta cece ni. "Baba, cikin cocin fa? An ce zanen saman ƙubbar ya yi kyau."

Nan ta ƙarasa ni ba ta sani ba. Shekara uku ina bakin ƙofar nan, ban taɓa leƙawa ba. Wa zai riƙe mini kaya?

Na ce, "Ban shiga ba. Ko ɗaya ban shiga ba. Talla nake yi a waje, ku ji da kyau. Amma duk takardun nan naki ba su san inda za ki yi alwala ki yi salla ba, ni na sani. Kai kuma Dogo, ban da filin jirgi me ka taɓa gani?"

Ban tsaya shan shayi ba. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa tarihinka kwalliya, kada ka yarda a ba ka fili ka yi bayani.

Washegari da safe na yagi gefen kwali a sito, na zana musu garin titi-titi, da famfo, da masallaci, da tudun kallon faɗuwar rana, na kai gidan Alhaji. Lungun mai burodin ma na saka. Ban ga dalilin cirewa ba.