Ƙarfe Sha Ɗaya a Saman Binuwai

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen Garuwa ne suka ƙi ba ni dama.

Lokacin ina akawu a kamfanin auduga, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, sa'ad da hotonsa ke rataye a kowane biro, wato ofis. Abu biyu nake taƙama da su a duniya, Faransanci da agogon hannu. Faransancin nawa na firamare ne da ɗan abin da na tsinta a bakin Turawan kamfani, amma a unguwarmu, inda yawancin mutane Hausa da Fulatanci kaɗai suke ji, ni ne gwani. Duk takardar da ta fito daga gwamnati, ƙofarmu ake bugawa. Kaina ya kumbura har na daina cewa "ban gane ba", domin a ganina maganar ba ta dace da mutum irina ba.

A filin jirgin garin akwai wata 'yar ƙungiya ta masu aikin sa kai. Ba sojoji ba ne, ba jandarma ba ne, kuma babu mai biyansu ko dala. Jirgi ɗaya gare su, ƙarami mai kujera huɗu. In mafarauci ya ɓace a daji, ko kamyo, wato babbar mota, ya maƙale inda babu hanya, sai su tashi su nema ta sama, su gaya wa na ƙasa ta rediyo. Mutum biyu ke jagorantar su. Akwai Dokta Hammadu, likitan dabbobi, Bafulatani mai ƙarancin magana, shi ke tuƙi. Akwai kuma wani Bature mai gyaran injinan auduga da muke kira Mai Lofe, shi ke tsara aiki yana riƙe da rediyo a ƙasa. Na shiga cikinsu ne mako biyu kafin abin ya faru (in faɗi gaskiya, don a riƙa ganina ina shiga filin jirgi ne). An yi zaman koyarwa sau biyu, na je ɗaya, shi ma na makara.

Daminar ta yi ƙarfi a shekarar. Binuwai ya cika ya batse, ya haye gonaki da fadamu har ba ka gane ina kogi ina tudu. Wani dillalin shanu, Malam Sanda, yana dawowa daga wata kasuwar ƙauye, kwalekwalensu ya kife. Sauran sun fita da iyo, shi ba a gan shi ba. Kwana biyu ana nema. Wasu har sun fara maganar zaman makoki, amma ƙanensa Ɗanjuma, mahauci a babbar kasuwa, ya ce atafau bai yarda ba. Wasu masunta sun ce sun ji kamar muryar mutum can cikin ciyawar da ruwa ya shanye, shi kuwa ya riƙe wannan magana. Da sassafe ya zo filin jirgi, idanunsa jajur, ko rigar aikinsa bai sauya ba.

Mai duban da suka saba tashi da shi ya tafi Maruwa. Mai Lofe ya waiga ya ce wa zai zauna kusa da Dokta ya zama ido. Kafin ya rufe baki hannuna na sama.

Ya kai mu gaban wani allo, ni da Ɗanjuma, domin shi ma za a tafi da shi ya duba ta ɗaya tagar. Ya zana da'ira, ya jera lambobin agogo daga ɗaya zuwa sha biyu, ya zana ɗan jirgi a tsakiya. Sannan ya shiga zuba Faransanci da lofen a baki, rabin maganar na fita tare da hayaƙi. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne "heure", wato ƙarfe kaza. Na ce a raina, ai wannan fagena ne, ga agogo a hannuna.

"Compris?" in ji shi, wato an gane?

"Compris, Musye!" na amsa da ƙarfi, har da ɗan sarawa.

Ɗanjuma ya ja hannun rigata. "Malam, me ya ce?"

"Cewa ya yi in ka ga wani abu, ka faɗi lokacin da ka gani."

"To ni ba ni da agogo."

"Kar ka damu, ka taɓa ni kawai."

Kun ji fa. Ban tsaya ga ɓatar da kaina ba, har da fassara.

Ban taɓa shiga jirgi ba kafin ranar, kuma ban gaya wa kowa ba. Da ya bar ƙasa, hanjina ya zauna a filin jirgi, ni na yi sama. Na damƙe bakin kujera ina karanta duk abin da na haddace. Dokta na hagu, ina dama, Ɗanjuma na bayan Dokta, a gefensa jarkar ruwa da burodi ƙunshe cikin buhu, waɗanda za a jefa in an dace. Kafin mu tashi Dokta ya riga ya gaya mana cewa esansin jirgin, wato mansa, ba zai kai mu azahar ba, kuma babu wani a filin sai an kawo gobe. Kowa ya san mutumin da ya kwana biyu cikin ruwa ba shi da wata gobe.

Muka bi kogin muna kai da komowa. Ruwa ne ja ko ta ina, sai kan bishiyoyi da rufin bukkoki nan da can. Dokta na da 'yar takarda ɗaure a cinya, jifa-jifa ya dubi wata allura ya rubuta.  Ina jin Ɗanjuma a baya yana maimaita sunan yayansa a hankali, kai ka ce zai ji shi daga can ƙasa. Idanuna suka fara ruwa saboda ƙura wa hasken kogi ido.

Can sai na hango shi. Ta tagata, ɗan baya da fiffike, akwai giginya biyu, ɗaya ba ta da kai, kusa da su wata bishiya da ruwa ya ci rabinta. A samanta wani farin ƙyalle na kaɗawa, kuma ba iska ke kaɗa shi ba, hannu ne.

"Dokta! Ga shi! Ga shi can!"

"Quelle heure?" ya tambaya da sauri, wato ƙarfe nawa.

Na juya tsintsiyar hannuna cikin natsuwar ƙwararre. Wallahi kamar da gangan, dogon hannun agogon na kan sha biyu, gajeren na kan sha ɗaya.

"Onze heures!" na ce. Ƙarfe sha ɗaya daidai.

Dokta ya kwantar da jirgin hagu.

Ni kuwa abin da na gani yana dama. Na ga giginyoyin sun zame sun ɓace ƙarƙashin fiffike, amma ban ce uffan ba. Na ce a raina, matuƙi ya san aikinsa, wataƙila haka ake zagayowa. Wa zai koya wa Dokta tuƙi? Ɗanjuma ya riƙo kafaɗata ta baya.

"Malam, ka gan shi? Yana da rai?"

"Yana kaɗa ƙyalle."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!"

Dokta ya sanar da Mai Lofe ta rediyo. Ya sauko ƙasa-ƙasa, ya duba gabansa ta hagu, babu komai. Ya zagaya, ya sake dawowa, babu komai sai ciyawa da wasu balbelu. Ya faɗaɗa zagayen. Ni dai ina zaune, zufa na bin bayana, wani abu na gaya mini akwai matsala, amma bakina ya ƙi buɗewa. Sau biyu na ga ya ƙwanƙwasa gilashin allurar esansi da yatsa. A karo na biyu allurar ta ƙara yin ƙasa.

"Ka tabbata sha ɗaya ne?" ya tambaye ni da Hausarsa mai gardin Fulatanci.

"Tabbas, Dokta. Lokacin sha ɗaya ne cif." Na miƙa masa hannuna har gaban hancinsa don ya gani da idonsa. "Yanzu kam sha ɗaya da minti sha bakwai."

Ya dubi agogon. Ya dube ni. 

"Agogonka ka duba?"

"Ai ƙarfe nawa ka ce."

Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna hancin jirgin ya ce sha biyu ke nan. Ya nuna fiffiken dama ya ce uku, wutsiya shida, fiffiken hagu tara. Agogon da Mai Lofe ya zana a allo ba na lokaci ba ne, hanyar nuna wa matuƙi gefen da abu yake ce. Da na ce sha ɗaya, na tura shi gaba ta hagu. Malam Sanda kuwa yana wajen ƙarfe huɗu, a baya ta dama, kuma mun shafe minti sha bakwai muna yin nesa da shi.

Ɗanjuma bai gane lissafin ba, amma ya gane fuskar Dokta. Ya cakumo wuyan rigata ta baya da hannun nan nasa na saran ƙashi.

"Kai, bar ni da agogo! Ta wane hannu ka gan shi? Wanda kake cin tuwo da shi ko ɗayan?"

"Na cin tuwo," na ce, muryata kamar ta wanda aka kama da kaza a riga.

"Me ke kusa da shi?"

"Giginya biyu. Ɗaya babu kai."

"To me ya hana ka faɗi haka tun ɗazu?"



Dokta ya sunkuya kan takardar cinyarsa. Ya ce esansin da ya rage zai ishe mu wucewa ɗaya, in ba mu gan shi ba dole mu juya gida, in ba haka ba mu huɗu za a nema gobe, har da Malam Sanda. Ya bi rubutunsa da yatsa ya gano inda muke da ƙarfe sha ɗaya da kuma inda hancin jirgin ke kallo a lokacin (har yau ina kafa hujja da cewa agogona ya yi rana a nan, amma ban taɓa samun wanda ya tsaya ya ji ni ba). Ya juya jirgin.

Waɗannan mintoci su ne mafi muni a rayuwata. Na manna goshina a taga. Giginya kuwa ta cika wurin, kowacce da kanta lafiya lau. Na fara tunanin yadda zan shiga kasuwa bayan yau, yadda zan wuce rumfar mahauta, yadda za a riƙa nuna ni ana cewa ga wanda ya ga mutum da rai ya duba agogo. Daga baya ma na daina tunanin kaina, sai hannun nan da na gani yana kaɗa ƙyalle. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba tsoron faɗuwar jirgi ba ne.

Dokta ya ce, "Saura kaɗan mu juya."

Sai ga ta, giginyar da babu kai.

"Dama! Hannun dama, Dokta! Ga ta nan ƙarƙashin fiffike!"

Wannan karon babu Faransanci ko ɗaya a bakina. Ya kwantar da jirgin, muka sauko har ina ganin ganyen bishiyar. Mutumin na nan, ya rungume reshe, amma ƙyallen ba ya kaɗawa, yana rataye kawai. Ɗanjuma ya ƙwalla kira, "Yaya! Yaya Sanda!" kamar zai fasa tagar. Sai mutumin ya ɗago kai a hankali. Aka tura buhun ta 'yar taga, ya faɗa ruwa nesa da shi, bai amfane shi da komai ba. Amma Dokta ya riga ya ba Mai Lofe kwatancen wurin, shi kuma ya tura masunta. Mun sauka a Garuwa allurar na kwance. Kafin la'asar kwalekwale ya kai gare shi.

Kwana uku ban fita ba sai aiki. A rana ta huɗu Ɗanjuma ya zo da kansa ya ce yayansa na son ganin wanda ya fara hango shi. Na so in ce ba ni da lafiya, amma na tuna hannunsa a wuyan rigata, na sa takalmi.

Malam Sanda na kwance a asibiti, fatar hannuwansa duk ta saɓule. Ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Useko, na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ya ɗan huta. "Amma akwai abin da nake son tambaya. Na ga jirgin, na kwance rawanina na kaɗa, na tabbata an gan ni. Sai na ga ya juya ya tafi. Na ce shi ke nan, na yi kalmar shahada, na fara sassauta hannuna daga reshen. Me ya sa kuka tafi?"

Ɗanjuma ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ba da labarin duka, tun daga allon Mai Lofe. Masu jinya a gadajen kusa suka kwashe da dariya, har wani tsoho na riƙe da ɗinkin cikinsa. Malam Sanda bai yi dariya ba.

"Minti nawa ka ce?"

"Sha bakwai, Baba."

Ya gyaɗa kai. "A wurina sun fi kwana biyun tsawo."

Bai saki hannuna ba.

Yanzu ko hanyar banɗaki aka kwatanta mini a gidan biki, sai na maimaita wa mai kwatancen abin da na ji, ya ce e haka ne, kafin in ɗaga ƙafa. Jikokina na cewa tsufa ne ya kama ni. Ina barinsu a haka.