Ranar da Na Toshe Lambar Gwamnati

A Wheaton kowa ya san ba a iya damfarata. Wata rana wata mata ta kira ofis, wai gwamnati za ta tallafa wa ɗan kamfaninmu ya kai na'urarmu ta gano ciwon daji kasuwa.

"Baiwar Allah, daga Najeriya na zo," na ce mata. "Ni za a yi wa 419?" Na kashe wayar, na toshe lambar.

Ni dai malamin gadi na, na je ina ba Dakta Hajara, mai kamfanin, labarin bajintata. Ta cire gilashinta a hankali.

"Malam, tun bara nake jiran kiran nan."

Da ƙyar ta lallaso su. Har yau in waya ta yi ƙara sai ta ce, "Ku riƙe Malam, wataƙila gwamnati ce."