Yadda Na Shafe Sifis Biyar da Yatsa Ɗaya

Litinin ɗin makon jiya na shafe mutum biyar daga doron ƙasa da yatsa ɗaya, kuma cikon na biyar ɗin ni ne. Kada ku kira 'yan sanda tukuna.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da littafin rabon ruwan noma na ƙauyenmu a nan tsibirin Kirit. Wane Talata, wane Laraba, ba a taɓa yin rigimar da ta wuce zage-zage ba. Sai bana Mai Girma Sarkin Zamanantar da Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya sayo mana kwamfuta da rumbun bayanai a kan kuɗin da zai haƙa rijiya huɗu. Yanzu famfon gona ba ya buɗewa sai kwamfuta ta yarda. Kamfanin da ya yi aikin na mijin ƙanwarsa ne, amma wannan dacewa ce kawai, ni ban ce komai ba.

Aka tura ni kwas na kwana uku a birni, da furfurata da komai. Malama Erofili ta nuna mana cewa rumbun nan jadawali ne, kowane mutum da layinsa, kuma in ka iya tambaya ba ya ɓoye maka komai. Na ce ya zaɓo min masu gona gabas da coci, kafin in kai kofin gahawa baki ya jero su. Gaskiya abin ya burge ni. Sai ta ja mana kunne a kan abu biyu. Kowane layi ya zama yana da mabuɗi, wato shaidar da mutum biyu ba za su taɓa haɗawa ba. Kuma kafin ka share abu, ka fara duba abin da za ka share.

Na ɗaga hannu. "Malama, mu fa da suna kwamfutarmu take gane mutum."

"Da suna? Baba, wane gwanin ne ya yi muku haka?"

"Gwanin da aka biya."

Ina dawowa na tarar da takarda daga ofishin Mai Girma: a share duk sunan da aka maimaita, kafin azahar ɗin Litinin. To, kakanmu Sifis Burdakis maza biyar ya haifa, kowanne ya raɗa wa ɗan farinsa sunan tsohon, kamar yadda duk ɗan halak yake yi. Ni ma ɗaya ne daga cikin jikokin nan biyar. Kwamfuta ta ga Sifis Burdakis har shida, ta tambaye ni ko ta bar mafi daɗewa ta share sauran. Sabon ilimi na ɗibata, ban duba ba na danna. Ta bar kakanmu, wanda ya shekara goma sha tara a kabari, ni ne dai na kasa cire sunansa daga littafi. Ruwanmu mu biyar ya koma kwarara a tsohon filinsa, inda ba abin da yake fitowa sai duwatsu.

Ranar Laraba ɗan baffana, wanda muke kira Dogon Wuya, ya ritsa ni a shagon gahawa. Gobara ta cinye masa gona shekara biyu da suka wuce, da ƙyar ya sake dasa ƙananan itatuwan zaitun ɗari biyu. A zafin Agusta ba za su yi mako ba ruwa ba.

"Kai Tabarau, kwana uku famfona a bushe. Me ka taɓa?"

"Yaya, a hukumance fa babu kai."

"Babu ni? To wa ya fasa maka baki ranar bikin Kalliopi?"

"Shi ma wanda aka fasa wa bakin babu shi."

Shago ya kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce ganyen sun fara naɗewa, ya juya ya fita. Kunya ta kama ni, gahawar ma ban iya ƙarasawa ba.

Washegari mu biyar muka yi wa ofishin Mai Girma tsinke. Sakatarensa ya ce maganin abin shi ne a ba kowane manomi lamba, kuma kwamiti zai zauna a kai cikin wata shida.

Dogon Wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, shukar fa?"

"Ku rubuto."

Daga bakin ƙofar na buga wa Malama Erofili waya. Ta ce rumbun yana ajiye kwafin kansa duk Lahadi, ta bi da ni mataki-mataki har mu biyar muka dawo duniya. Sai ta ce, "Baba, sai ka samo mabuɗi fa, in ba haka ba gobe ma za a sake. Ku a ƙauyen da me kuke bambanta juna?"

Da laƙabi mana! Matata ta zauna kusa da ni, ta zayyano na mutum ɗari uku da arba'in ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Na ƙara gurbin laƙabi a jadawali, na kafa masa doka cewa ba a barinsa fayau. Ranar Juma'a famfo ya buɗe, na liƙa sabon jerin rabo a ƙofar shagon gahawa.

Na manta ban faɗa muku ba, Mai Girma ɗan ƙauyenmu ne, yana da gonar gado. Layi na tamanin da bakwai, ruwansa ranar Asabar: Ɗan Ɓarawon Akuya. Tarihin mahaifinsa ne, ba ni na ƙirƙira ba. Na so ƙwarai in rufa masa asiri, kwamfuta ta ce doka ta hana.

Zaitun ɗari da sittin da tara sun rayu. Talatin da ɗaya sun mutu, kuma wannan aikin yatsana ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na yi wa Dogon Wuya alkawarin ni zan dasa masa su da hannuna in ruwan sama ya sauka. Layin kakanmu kuwa na share shi, amma wannan karon sai da na daɗe ina kallonsa.

Lambobin nan da za su ɗauki wata shida, ranar Litinin da safe aka kawo su a mota, har da direba mai gaisuwa. Don haka jama'a, tunda hanyar ƙauyenmu ma duk ramuka ce, duk wanda ya san laƙabin gidan su Mai Girma Sarkin Gyaran Hanya, ina shagon gahawa kullum da hantsi.