Mangwaro Dubu da Ɗaya

Shekarar da ruwan dam ɗin Goronyo ya iso fadamarmu, malamin gona ya kawo dashen mangwaro dubu da ɗaya, a raba wa unguwanni bakwai. Duk matan ƙungiyarmu ni kaɗai ce mai takardar yaƙi da jahilci, har sabon zane na ɗaura, ina zaton ni za a ba rabon. Sai ya danƙa rabon ga maƙwabciyata Hajara, wadda ko sunanta sai dai ta dangwala yatsa.

Na matsa kusa da ita, na yi magana a hankali, amma yadda kowa zai ji: "Hajara, kada ki wahal da kanki. Lambar da ta ƙare da ɗaya mara ce, ba ta rabuwa. Dole a yi saura."

Ta ce, "Mi kic ce, Yaya? In ba a yi ba hwa?"

Na ce, "Na bar miki nawa dashen."

Ta duƙa tana ajiyewa ɗai-ɗai, kashi bakwai, har la'asar. Ni kuwa na gyara zama ina jiran sauran. Kowane kashi ya tashi ɗari da arba'in da uku, hannunta wayam. Ashe abin da aka koya mana a aji na rabon gida biyu ne.

Dashena yanzu bishiya ce a tsakar gidan Hajara, inuwarta har bisa katangata. Duk bazara sai ta leƙo da mangwaro ɗaya tak, ta ce, "Malama, ga sauranki."