Tabon Inna Kande

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsohuwa ta naɗe mini hannun riga a gaban Nasara ba. A lokacin ina tafinta a Madarunfa, na gama lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, ina jin Faransanci ya mai da ni wani abu (har hular kwano na saya, kaina yana dahuwa a ciki ina daurewa).

Shekarar da agana ta ɓarke a ƙasar Gabi aka aiko wani likita Nasara. Abin da ya kawo shi bincike ne: me ya sa cutar ke kashe wani, ta bar maƙwabcinsa da ke ci kwano ɗaya da shi? Yana ɗibar jinin waɗanda suka tsira yana aikawa can wajensu a duba. Ni aka haɗa shi da ni. Kwana uku muna yawo, ban ji ya ce ko "sannu" ba.

Muka je wani ƙauyen Azna, masu bin addinin gargajiya, inda aka ce ba a binne kowa ba. Aka nuna mana wata tsohuwa, Inna Kande. Likita ya ce in tambaye ta dalili.

Ta ce, "Ɗan nan, gaya masa uwata ta koya mini. In agana ta kama wani da sauƙi, sai in ɗebi ruwan ƙurjin da ƙaya, in tsaga hannun mai lafiya in shafa. Ya yi zazzaɓi, ya tashi. In babbar ta zo, jikinsa ya riga ya san fuskarta."

Kunya ta kama ni. Ƙaya da mugunya, a gaban likita mai gilashi? Na gyara hula na ce masa da Faransanci, "Surutun tsofaffi ne, camfi kawai. Ta ce iskokinsu ne suka tsare su."

Likita ya dube ni, ya juya wajenta, ya ce da Hausa tangaran, irin ta Damagaram, "Inna, kwana nawa zazzaɓin ke yi?"

Ashe shekara tara ya yi a Damagaram. Ya ƙara da cewa, "Tafintana ya ce camfi ne."

Inna Kande ta matso ta ƙura mini ido. "Kai ba ɗan Hajo ba ne, ta bakin tabki?" Kafin in amsa ta kama hannuna na hagu ta naɗe rigar. Ga tabo nan kamar ƙwayar gujiya, wanda duk rayuwata na ɗauka ƙuna ce.

"Aikina ne wannan. Uwarka ta goyo ka ta kawo mini a ɓoye, kada ubanka ya sani."

Mutane suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce wa likita cikin waɗanda ta tsaga a shekarun baya akwai yara biyu da ba su tashi ba, kuma har yau tana kiran sunayensu. Daga baya likita ya nuna mata lambar rigakafin da ya zo da ita a kwalba, ya ce tunanin ɗaya ne da nata, sai dai tasa ba ta ba mutum aganar kanta. Ta jujjuya kwalbar, ta ce in haka ne ta ajiye ƙaya, ta tura a kira jikokinta a yi musu.

Sannan likita ya ce duk mai tabon Inna ya yi layi a ɗebi jininsa. Na tsaya da takarda zan rubuta sunaye. Ya karɓe takardar, ya nuna mini layin. Na shiga bayan wani manomi, hula a hannu.

Da na koma gida na tambayi innata. Ta ce, "Da ban kai ka ba, wa zai yi mana Faransancin?"

Na yi shekaru ina tafinta bayan haka, amma ban sake rage wa kowa magana ba. In tsohuwa ta faɗi abin da ban gane ba, nakan juya shi yadda yake, ko ba komai ban san me ta taɓa yi mini ina goye ba.