Layar Habboba a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, shekarun baya lokacin da Khartoum take zaune lafiya, ranar da asirina ya tonu a gaban jama'a, ina tsaye daga ni sai gajeren wando.

Ni haifaffen Mayo ne, wata unguwa a kudancin Khartoum. Kakan mahaifina ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, da ya dawo sai ya yada zango a Sudan, zangon da muke ciki har yau. Abin da ya bari a duniya ƙwaya ɗaya ne: wata 'yar laya baƙa ƙirin, fatarta ta sha gumi har tana sheƙi. 'Yarsa, kakata, wadda muke ce wa Habboba kamar yadda ake kiran kaka a nan, ita ta ɗaura mini a ƙugu ranar da na shiga jami'a a Omdurman. Ta ce, "Mijina, kullum za ka haye kogin Nilu. Wannan ta tsallake da Baba teku. In ka ɓatar da ita, kada ka sake shigo mini ɗaki."

To ni kuwa shekara biyu a jami'a suka mai da ni shehi. Na tara ɗan gemu (gashi bakwai, na ƙirga), ba ni da aiki sai wa'azi a kan layu. Abokina Abakar na unguwar Kalakla ya fi kowa shan wuyata. Na taɓa sa shi ya cire kambun hannunsa a gaban mutane a wajen mai shayi, har da jan aya. Duk wannan, tawa tana ƙuguna a ƙarƙashin jallabiyya. Ban yarda da ita ba, amma na fi tsoron Habboba a kan kowane malami.

Da muka gama jarrabawa, mu shida muka cika wata ƙaramar mota muka nufi wurin wasan ruwa. Zafi ya kai zafi, wurin kuwa ba masaka tsinke. Iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwa da fulas-fulas na shayi, yara na ihu, mu ƙarti muna bin layi muna tsalle saboda siminti na ƙona ƙafa. Mun hau tayar roba mun zaga kogin wasa, mun tsaya ƙarƙashin wani ƙaton bokiti da ke juye wa mutane ruwa a ka, mun ci gurasa da ta'amiyya, wato ƙosan Sudan, mun koma. A ɗakin canja kaya na so in cire layar, amma Abakar na tsaye a kaina, sai na tura ta cikin wando na ja tazuge na ɗaure tam.

Bayan la'asar Abakar ya nuna wani dogon bututu mai murɗe-murɗe, wanda ake hawa bene huɗu kafin a zamo ta cikinsa. Ya ce, "Ya shehi, ka iya wannan?" Na ce mumini ba ya tsoro. (Tun daga bene na biyu nake neman hanyar sauka.) Abin da na iya tunawa shi ne duhu, da salatin da nake yi, da ruwan da ya shiga mini hanci. Na faɗa tafkin da ke ƙarshen bututun, na fito ina tari ina ɗaga hannu wai jarumi. Sai na shafa ƙugu. Wayam.

Nan take na koma cikin ruwa. Na dinga nutso ina laluben ƙasan tafkin, idona ya yi jawur, ina ce wa abokai motsa jiki nake. Fuskar Habboba kawai nake gani. Ina cikin haka lasifika ta yi ƙara. Wani ma'aikaci ya hau kujera ya ɗaga layata sama tana ɗiga, yana shela da Larabci: "Ya jama'a, wa ya yar da layarsa? Mai ita ya zo, in ba haka ba sai kwandon shara!" Wuri ya ɗauki dariya.

Abakar ya zunguro ni. "Ga aikinka ya samu. Je ka yi wa mai ita nasiha."

Na kau da kai. Na ce a raina bari in yi shiru, in an watse in lallaɓa. Sai na ga mutumin ya sauko ya nufi wani ƙaton kwando cike da ɓawon kankana. Ban san sanda na ruga ba, ina zamewa a kan siminti, ina ihu, "Tawa ce! Wallahi tawa ce!" Ya dube ni, ya dubi gemun, ya miƙo mini, kuma bai kashe lasifikar ba ya ce, "Mabruk, barka ya Maulana, ta yi aiki, ba ka nutse ba."

Abakar ya zauna daɓas a ƙasa don dariya. Har muka iso Mayo bai ce komai ba sai, "Kambuna, ya zol, bawan Allah. Kambuna nake so ka biya ni." Na ba shi haƙuri, kuma da gaske nake.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Habboba, na faɗa mata gaskiya. Ta latsa layar, ruwa ya tsattsafo ta ɗinkin. Ta sa reza ta farke zaren, abin da ba a taɓa yi ba. Na tabbata tawadar ta wanke. Ashe tsohon ya naɗe takardar a ƙyalle mai kakin zuma, gefe kawai ya jiƙe. Ta ce in karanta, tunda ita ba ta yi karatu ba. Na yi ta haɗa baƙin ajami da ƙyar. Babu hatimi, babu ɗalasimai. Cewa ya yi: "Ni Muhammadu ɗan Isa, mutumin Garko ta ƙasar Kano. Wanda ya tsinci gawata a hanya ya yi mini sutura, ya aika wa uwata Hadiza."

Habboba ta sa ni na maimaita sau uku. Tana kuka tana dariya ta ce, "Hadiza. Ashe sunan uwarsa ya sa mini." Shekararta tamanin ba ta sani ba. Ni kuwa na sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa sauke irinta ba.

Tun daga ranar na koyi darasi: kafin ka hau mumbari a kan abin da ke hannun wani, ka fara buɗe wanda ke ƙugunka ka karanta. In kuma ba ka iya ba, to ka nisanci bututu mai bene huɗu.